WAZA: DAWAN DA GIWAYE KE TAFIYA CI-RANI

Duk yaron da ya tashi a Unguwar Hausawa ta New Bell, ko a Kongo, ko a Makeya, ya san giwa da zaki da kura tun kafin ya san hanyar makaranta. A bakin kakanni yake fara jin su, cikin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da cikin karin magana. In an ga babban mutum ya zo baƙunta ba a kula da shi ba, sai a ce giwa a garin wani zomo ce. In an ga mai cika baki alhali cikinsa ya ɗuri ruwa, sai a ce kura, ga tsoro ga ban tsoro. Amma in ka tara yaran unguwa ka ce wanda ya taɓa ganin giwa da idonsa ya ɗaga hannu, da wuya ka ga hannu ɗaya a sama.

Abin da suka sani shi ne na talabijin da na wayar hannu, wato garken namun dawan Tanzaniya da Kenya suna faɗawa cikin kogin Mara, kadoji na dakonsu a ƙasa. Ba mai musun girman wannan abu. A dawan Serengeti, wata dabba mai kama da saniya wadda Faransawa ke kira gunu ta haura miliyan ɗaya, ga kuma jakunan dawa dubbai suna biye, duk shekara sai sun kewaya suna bin inda ruwan sama ya sauka. A shekarar 2024 kuma, ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a Sudan ta Kudu ta nuna cewa dabbobi dangin barewa wajen miliyan shida ne ke irin wannan ƙaura a can.

To, jama'a, mu ma nan Kamaru muna da namu, ko da yake bai kai wancan yawa ba. Yana can Arewa Mai Nisa, kan hanyar da motocinmu na albasa da busasshen kifi ke bi dare da rana. Sunansa Waza. Labarinsa muka kawo muku a wannan fitowa, domin ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

HANYAR ZUWA

Daga Duwala zuwa Waza tafiya ce ta kusan kilomita 1,500, kuma mai bin ƙasa ba ya yin ta ƙasa da kwana biyu. Yawancinmu mun san rabin farko na hanyar, tun da ita muke bi in za mu gida da salla. A hau mota zuwa Yawunde, a kama jirgin ƙasa na dare, a wuce Nanga Eboko da Belabo da Ngaundal, gari ya waye wa mutum a kan tudun Adamawa. Wannan layin dogo a 1974 ya isa Ngaundere, kuma har yau nan ne iyakarsa.

Daga Ngaundere sai mota. Da an gangara dutsen Mbe, sanyin tudu ya ƙare, sai zafi ya yi wa matafiyi maraba. A haye gadar Binuwai a shiga Garwa, a miƙa zuwa Marwa, garin dukawa da majema. Tun daga nan ƙasa ke sake kama. Itatuwa su yi ta raguwa suna gajarcewa, ga aduwa ga ƙaya, ga gonakin masakwa shimfiɗe kan baƙin laka iyakar ganin ido. Daga Marwa zuwa Waza kimanin kilomita 120 ne, ta Mora, a kan babbar hanyar Kusuri. Alamar an iso ita ce waɗansu duwatsu da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili, garin Waza na gindinsu, masaukin baƙi na bisa ɗaya daga cikinsu. Mai tsayawa a can sama da yamma zai ga dawan shimfiɗe a gabansa ta gabas kamar tabarma, a bayansa kuwa iyakar Nijeriya ce, ba nisa.

WANE IRIN DAWA NE?

Turawan Faransa ne suka fara keɓe wurin a 1934. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Kamaru ta mai da shi gandun namun daji na ƙasa a 1968, sannan hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ke tattalin halittunsu a 1979. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,700 ne. Ba a noma a ciki, ba a kiwo, ba a farauta, ba a saran itace. Haka dai doka ta ce.

Dawan kashi uku ne. Ta yamma, kusa da hanya, ƙasa mai yashi ce, da manyan itatuwa irin su danya da marke da tsamiya. A tsakiya sai sarƙaƙiyar ƙaya a kan laka, wadda ita ce abincin giwa da raƙumin dawa. Ta gabas kuwa babu itace sai tsilli-tsilli a kan 'yan tuddai. Fili ne fetal na ciyawa, wanda Fulani ke kira yayre, mu kuwa sai mu ce fadama. Wannan fadama ita ce ran Waza, kuma wanda bai gane yadda take aiki ba, ba zai gane dalilin tafiye-tafiyen namun ba.

RUWA KE JAN RAGAMA

Kogin Logon daga nesa yake ɗauko ruwansa, daga tuddan Adamawa da na Afirka ta Tsakiya, inda damina ke da ƙarfi. Kafin ruwan ya iso arewa sai wajen watan Satumba da Oktoba, lokacin da damina ke ban kwana a can. Sai kogin ya cika ya tumbatsa, ya malale bisa fadama, ya haɗu da ruwan rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara. Wuri ya zama kamar teku marar zurfi, ba a shiga sai da kwalekwale.

A lokacin nan namun dawa kan janye su koma yamma, kan tudu, cikin itatuwa. Kifi kuwa shi ke shigowa daga kogi ya yi ƙwai cikin ciyawa. Daga Disamba ruwa ya fara ja da baya, to sai kowa ya taso. Masunta, Musgum da Kotoko, su tare bakin magudanai su kwashi kifi, wanda wani kashinsa shi ne bandar da ke iso mana Duwala cikin kwali. Makiyaya, Fulani da Larabawa Shuwa, su shigo da shanu daga ƙasar Marwa, har daga Nijeriya da Nijar. Namun dawa su ma su biyo ɗanyar ciyawa, taki kan taki, duk inda ruwa ya janye nan suke sa baki. Ciyawar fadama irin mai saiwa ce a ƙasa, ba ta mutuwa da rani. Ko an sa mata wuta, laimar da laka ta riƙe kan sa ta sake toho a tsakiyar bazara, lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas.

Har tsuntsaye ba a bar su a baya ba. An ƙirga tsuntsu fiye da iri 350 a wannan yanki, kuma da yawansu baƙi ne daga Turai, masu gudun sanyin can, su ƙetare Bahar Rum da Sahara su zo su yi wata huɗu ko biyar su koma. Mu da muka san ci-rani, mun san wannan lissafi. Ba wanda ke barin gida don marmari. Inda abinci yake, nan ƙafa ke zuwa.

RANAR SHIGA DAWA

Waɗanda suka samu zuwa cikinmu a shekarun da hanya ke lafiya, ba su manta da abin da suka gani ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Maris da Afrilu. Zafi kan haura awo 40, amma a lokacin ne ciyawa ta kwanta, kududdufai suka ƙafe, namun duka suka dawo ga 'yan tafkunan da suka rage, waɗanda akasarinsu da injin aka haƙa su domin wannan rana.

Da asuba ake shiga. A biya kuɗin ƙofa, a ɗauki ɗan jagora, don ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai. 'Yan jagoran nan mutanen ƙauyukan kewaye ne, kuma karatunsu a ƙasa yake. Mutum ya leƙo ta tagar mota ya dubi sawu, ya ce giwaye ne, sun wuce da dare, sun yi gabas, da 'ya'ya cikinsu. Ya murtsuka kashin giwa da yatsa ya gaya maka ko na jiya ne ko na ɗazu.

Wanda ake fara cin karo da shi galibi raƙumin dawa ne. Yana tsaye cikin ƙaya, kansa ya zarce itacen, yana kallonka kamar mai tambayar wa ya aiko ka. Babban namiji kan haura mita biyar. In ya tashi gudu sai ka ga kamar ba ya sauri, nan kuwa mota sai ta yi da gaske. Irin na Waza shi masana ke kira na Kordofan, kuma yana cikin waɗanda suka fi ƙaranci a duniya. Can gaba ga gwanki, mai jiki kamar doki da ƙaho lanƙwashe baya. Ga dari, ja mai duhu, yana tsaye bisa suri yana gadin 'yan uwansa. Ga mugun dawa ya ɗaga wutsiya sama yana zuba sauri, iyalinsa na biye a jere. Ga jimina, ga barewa, ga jan biri, ga zabin daji garke-garke suna tsallake hanya.

In aka fita fadama kuwa, sai mariya, wadda a Faransanci ake ce wa kob. Ita ce mai yawa. Daga nesa, cikin hurhuren rana, sai ka ɗauka jar ƙasa ce aka baza, sai an matso ka ga ƙasar tana motsi. A bakin ruwa ga gauraka da kwasakwasa da borin tinke da dinya, kowa na harkar gabansa.

Amma abin da ke sa mutum ya yi shiru shi ne zuwan giwaye ruwa. Da rana tsaka ake dakonsu a bakin tafki, an kashe mota, ba mai tari. Ƙura za ka fara hangowa. Sannan ka ga baƙin abu kamar gari ya taso. Tsohuwar giwa ce a gaba, don a wurinsu uwa ke jan garke, ita ce ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ta san hanyar da uwarta ta bi da ita. 'Ya'ya na tsakiya, manya sun kewaye su. Ga girma, amma ba ka jin takunsu, sai wani gurnani can ƙasa-ƙasa da kake ji a ƙirjinka. Babbar giwa kan sha ruwa fiye da lita 100 a yini, ta ci ganye da ciyawa wajen kilo 150. A shekarun baya akan ga ɗari biyu ko fiye a tafki ɗaya. Ɗan jagora zai gargaɗe ka: kada ka sauka, kada ka yi oda, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗa. In ka ga ta buɗe kunnuwa ta ɗaga hanci, to ziyara ta ƙare.

Zaki kuwa sai mai rabo. Wani ya kwana uku bai gan shi ba, sai dai ya ji rurinsa da dare daga masauki. Wani kuma shigarsa ke nan ya tarar da shi kwance a inuwa kusa da ruwa, yana jiran abinci ya kawo kansa.

GIWAYE 'YAN CI-RANI

A farkon shekarun 1990, wani masani ɗan Kamaru, Martin Tchamba, ya bi diddigin giwayen Waza, har aka ɗaura wa waɗansu na'ura a wuya ana bin su ta tauraron ɗan adam. A lokacin sun haura dubu ɗaya. Abin da aka gano shi ne ba tafiya ɗaya suke yi ba, kashi uku ne. Kashi ɗaya mazauna ne, ba sa barin gandun. Kashi na biyu da rani suke tashi, su yi arewa zuwa ƙaramin gandun Kalamaluwe da ke bakin kogin Shari kusa da Kusuri, su sha ruwa can har damina ta faɗi su dawo. Kashi na uku da damina suke fita, su yi kudu wajen ƙasar Kaele, tafiyar kusan kilomita 100.

Waɗannan na kudu su ne suka zama abin kuka. Hanyar da suke bi ta zama gonaki. Garke ɗaya ya kwana a gonar dawa, da safe mai gona ya tarar da kara kwance, abincin shekara ya tafi. An yi asarar amfanin gona mai yawa a shekarun nan, an kuma yi asarar rayuka. Mu da ke zaune a birni yana da sauƙi mu ce a bar giwa ta sha iska. Manomin da ya kwana yana buga gwangwani da kunna wuta a bakin gona, shi ya san abin da ke ciki. Duk maganar kare namun dawa da ba ta sa shi a lissafi ba, ba za ta je ko'ina ba. Ita kuma giwa ba ta san takardar gandu ba, ba ta san iyaka ba. Gandu yana da faɗi a idonmu, amma a wurinta zango ɗaya ne cikin zangunan hanya.

SHEKARUN DA FADAMA TA BUSHE

A 1979 aka gama madatsar ruwa ta Maga, mai tsawon kusan kilomita 30, tare da wata ganuwa a gefen Logon, domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Niyya mai kyau ce, a ciyar da ƙasa, kuma har yau iyalai da yawa da shinkafar nan suke rayuwa. Sai dai ruwan da aka tare shi ne wanda ke malala fadamar Waza. Kafin a farga sai ga fari na shekarun 1980 ya biyo baya, ga kuma cutar bushiya ta 1983 da ta kashe shanu da namun dawa.

Ciyawa mai saiwa ta mutu a wurare da yawa, wadda ta maye gurbinta kuwa irin mai bushewa ce tun farkon rani. Kifi ya ragu, masunta suka watse. Makiyaya suka nemi wani wuri. Mariya, wadda a da ake lissafa ta wajen dubu ashirin, ta koma 'yan dubbai kaɗan. Gwambaza ta ɓace daga gandun ɗungurungum.

Abin da ya biyo baya darasi ne. A 1994, ƙarƙashin wani shiri na gwamnati da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, aka fasa ganuwar a bakin wani rafi da aka toshe, mai suna Karamin Goroma. Ruwa ya sake malale fili wajen murabba'in kilomita 200. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta fara dawowa, kifi ya dawo, shanu suka dawo, mariya ta ƙaru. Ba shinge aka kafa ba, ba dabbobi aka sayo daga waje ba. Ruwa kawai aka sakar wa hanya. A 2006 aka sa fadamar cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Duk da haka ruwan bai wadaci kowa ba, ga jama'a na ƙaruwa. A 2021 mun ga abin da ya faru a ƙasar Logon Birni, inda rikici kan ruwa tsakanin masunta da makiyaya ya ci rayuka, dubban mutane suka tsallaka Chadi gudun hijira. Ruwan da mariya ke nema, shi saniya ke nema, shi kifi ke nema. In ya yi ƙaranci, ba dabba kaɗai ke shan wuya ba.

BINDIGA TA SHIGA DAWA

Masifa ta biyu ta ɗan adam ce tsantsa. Karkanda baƙa ta Afirka ta Yamma, a arewacin Kamaru ta yi zamanta na ƙarshe a duniya. A 2006 aka bi dazuzzuka ana nema ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa irinta ya ƙare. A farkon 2012, mahaya dawakai ɗauke da manyan bindigogi suka shigo gandun Buba Njidda, a ƙasar Rai Buba, suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni, suka sare haure suka bar gawa ga ungulu. Sai da aka tura soja.

Zakin Waza ma bai tsira ba. A shekarun 1960 ana lissafa wajen ɗari. Ƙidayar da aka yi wajen 2008 ta nuna manyan zakunan ba su fi ashirin da ɗaya ba. Abincinsa ya ragu, ya koma kan shanu, masu shanu kuma suka rama da guba da harsashi. Abin mamaki, ƙasar da duniya ta san ta da Zakuna tun gasar ƙwallon ƙafa ta 1990, mu cika filin Japoma muna yi musu kirari, alhali masu sunan na asali suna ƙarewa ba mai jaje.

Sannan aka shiga zamanin Boko Haram. A ranar 19 ga Fabrairun 2013 aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu yara, a kusa da Dabanga, bayan sun fito daga ziyarar Waza. Sai bayan wata biyu aka sako su. A watan Mayun 2014 aka kai hari garin Waza kansa, aka tafi da 'yan ƙasar Sin goma masu aikin hanya, waɗanda aka sako a Oktoban wannan shekara. Tun daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Da suka ɗauke ƙafa, ɗan jagora ya rasa aiki, mai masauki ya rasa, direba ya rasa, dukawan Marwa masu sayar wa baƙi jaka da takalmi suka rasa ciniki. Dawan da ba mai shiga kallo kuwa, mafarauci da mai saran itace da mai shanu su ke gadonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

BASHIN DA KE KANMU

Mai karatu zai ce, to mu Hausawan Duwala ina ruwanmu? Mu waiwaya baya kaɗan. Me ya fara kawo kakanninmu ƙasar nan? Fatauci ne, kuma cikin manyan hajojin fataucin akwai hauren giwa. A ƙarni na 19, bayan kafuwar Yola a 1841, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Zazzau sun yi ta ratsa Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo, har Yoko a ƙasar Bute, suna kai tufafi da kayan ado, suna ɗauko haure da goro. Akwai maharba Hausawa da suka yi suna wajen harbin giwa da sango, wato mashi mai dafi da ake cusa wa bindiga. Hauren nan ya bi ta Kano ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus tare da gashin jimina, wani kuma ya bi Binuwai zuwa kantunan Turawa. Da giwa ta yi ƙaranci a wuri, sai fatake su ƙara gaba kudu. Haka aka yi ta matsawa har aka iso Yawunde, aka iso bakin teku. Da Jamusawa suka tashi mutane daga bakin kogin Wuri suka yanka New Bell a 1914, baƙi irinmu ne suka cika ta.

Ashe ke nan sawun giwa muka biyo muka zo nan. Ba laifi muke ɗora wa magabata ba, zamaninsu daban, kuma a lokacin ba wanda ya zaci dawa na ƙarewa. Amma mu mun sani. Tun 1989 duniya ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. Dokar Kamaru ta hana kashe giwa da zaki da raƙumin dawa ba bisa izini ba, kuma wanda aka kama da haure ko fata, hukuncinsa ɗauri da tara. Duk da haka a 2006 an kama haure kusan tan huɗu a Hong Kong cikin kwantenar da ta tashi daga tashar jiragen ruwan garin nan namu. A 2016 gwamnati ta tara hauren da aka ƙwace ta cinna masa wuta a Yawunde a bainar jama'a.

Mu mutanen kasuwa ne da sufuri. Motocin da ke sauko da kaya daga arewa, da yawa namu ne ko na 'yan uwanmu. Saboda haka muna kira ga direbobi da 'yan kamasho da masu shago: in an ba ka ƙunshin da ba a son ka buɗe, kuɗin ɗaukarsa kuma ya fi ƙima, to ka san ruwa ba ya tsami banza. Haka masu sayar da maganin gargajiya, a bar neman kitsen zaki da fatar damisa da wutsiyar giwa. Kowane ɗaya da ke kan tabarmar kasuwa, gawa ce aka bari a dawa.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Gani ya kori ji, amma rai ya fi kallo. Yankin Waza har yanzu wuri ne da ake shiga da taka-tsantsan. Wanda ya yi niyya kada ya kama hanya sai ya tuntuɓi ofishin ma'aikatar gandun daji da namun dawa a Marwa da jami'an tsaro, ya kuma ji ta bakin 'yan uwa mazauna can. In sun ce a dakata, a dakata. Ba a tafiyar dare. A riƙi katin shaida, da ruwan sha mai yawa, da mota mai ƙarfi. Da damina kuwa hanyoyin cikin gandun ba sa biyuwa sam.

Wanda bai samu Waza ba, akwai gandun Binuwai a kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa, inda ake ganin dorina da kada da mariya da gwaggon biri a bakin kogi. Masu zuwa gida da iyali, kwana ɗaya kacal za su ƙara a kan tafiyarsu. A Garwa kuma akwai makarantar koyon aikin namun dawa, wadda aka buɗe a 1970, ɗalibai na zuwa cikinta daga ƙasashen Afirka da dama. Samarinmu da suka yi karatu suna zaune, ko suna fama da bensikin a titunan Duwala, su sani wannan ma hanyar abinci ce, kuma mai jin Hausa da Fulatanci ya fi kowa dacewa da ita, don da makiyayi da manomi ake yin aikin.

Kafin nan, ga wani ɗan abu da kowa zai iya yi a gida. A laluba aljihu a samo tsohon silen dala biyar ko dala biyu, a nuna wa yara kawunan dabbobi ukun nan masu murɗaɗɗen ƙaho da ke jiki. Dabba ce ta gaske, ita ce mafi girma a dangin gwanki, kuma tana nan da ranta a dazuzzukan Buba Njidda da Binuwai da Faro. A gaya musu ƙasarsu ce ke da ita. Malaman makarantun unguwa da shugabannin ƙungiyoyinmu su ma su duba, yadda ake tara kuɗin biki da na ashobe, a iya tara na kai yara su ga dawa ko sau ɗaya.

Kakanninmu sun bar mana giwa a tatsuniya, sun kuma bar mana ita a dawa. Karkanda ta riga ta tafi, sai suna. Allah ya zaunar da Arewa lafiya, ya ba da damina mai albarka, ya sa jikokinmu su ga giwa tana shan ruwa a Waza da idonsu. Amin.